Zamanantar da ƙananan hukumomi: Intanet na kan hanya, amma asusun na hannun wa?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye daga Asusun Tarayya, ba tare da kuɗin sun ya da zango a hannun gwamnoni ba. A cikin wannan shekarar ce kuma Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani, ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani, ta fito da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomin da intanet, tare da kamfanin tauraron ɗan'adam na NIGCOMSAT da kamfanin Galaxy Backbone, dukansu mallakar gwamnatin tarayya.

Tun daga lokacin ana tattauna batutuwan biyu kamar ba su san juna ba. Na farko ya zama na lauyoyi da 'yan siyasa da ƙungiyar ma'aikata ta NULGE, na biyu kuma na masana fasaha da masu taron bita a otal-otal na Abuja. Alhali kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ƙaramar hukumar da ba ta iko da kuɗinta ba za ta iya riƙe na'ura ba, wadda kuma ta sami kuɗi ba tare da tsarin da ke barin sawu ba, to an dai sauya wa ɓarna mazauni ne daga gidan gwamnati zuwa ofishin ciyaman.

A matakin tarayya an yi nisa. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara aiki a 2007, lambar banki ta BVN ta zo a 2014, sannan a 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta wa ma'aikatu da hukumomi komawa Asusun Bai-ɗaya na TSA. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Yawan waɗanda suka mallaki lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ya haura miliyan 100 tun 2023, kuma daga Janairun 2024 mai neman fasfo na iya cike takardunsa ta intanet. Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatun tarayya za su rabu da fayil na takarda.

Sai dai talaka bai cika yin hulɗa da ma'aikatun Abuja ba. Inda yake haɗuwa da gwamnati shi ne sakatariya, da kasuwa, da tasha, da asibitin sha-ka-tafi, da makarantar firamare. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwale-kwale, baya ga hannun da suke da shi a ilimin firamare da lafiya a matakin farko. A can ne kuma ɗalibi ke karɓar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake neman gurbin karatu, ko shiga aikin soja da ɗan sanda, ko tallafin karatu na jiha. A sakatariyoyi da dama wannan takarda har yanzu tana jiran sa hannun mutum ɗaya ne, wanda idan ya yi tafiya zuwa babban birnin jiha sai kowa ya koma gida ya dawo wani makon. Ba a cika samun kundin da za a duba a tabbatar da wanda aka bai wa bara ba, shi ya sa takardun bogi ke yawo, wanda ya cancanta kuma ya sha wahalar da bai kamata ba.

Abin lura shi ne ajiye lissafi a wannan mataki ba baƙon abu ba ne. A zamanin En'e akwai Baitulmali, akwai malaman haraji, kuma mai unguwa da dagaci da hakimi sun san adadin magidantan da ke ƙarƙashinsu domin a kansu ake yanka haraji da jangali. Tsari ne mai tsanani, an kuma zalunci talakawa da shi, wanda hakan ya sa gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke harajin da jangalin da hawansu mulki a 1979. Amma da aka daina dogaro da kuɗin da ake tarawa a gida, aka koma jiran kaso daga Asusun Tarayya bayan garambawul na 1976, sai ƙananan hukumomi suka rasa dalilin sanin mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda abincinsa ke zuwa daga sama ba ya damuwa da ƙirga kawunan da ke gidan.

Kason ƙananan hukumomi a Asusun Tarayya shi ne kashi 20.60 cikin 100, jihohi na da 26.72, gwamnatin tarayya kuma 52.68. Abin da kowace ƙaramar hukuma ke samu a wata ba a ɓoye yake ba, domin tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, aka fara wallafa shi, kuma har gobe ana iya ganinsa a rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Duhun yana farawa ne bayan kuɗin sun shiga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada. Daga nan babu wani shafi da ɗan ƙasa zai buɗe ya ga nawa aka cire don albashin malaman firamare, nawa aka cire da sunan ayyukan haɗin gwiwa, nawa ne ya isa hannun ma'ajin ƙaramar hukuma. A 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta yi yunƙurin toshe wannan kafa, inda ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙananan hukumomi, ta ce sauran biyan kuɗi su bi ta banki. Gwamnoni suka garzaya kotu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rikicin ba a kan kwamfuta yake ba, a kan sawun da take bari ne.

Hukuncin 2024, wanda Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da ƙararsa, Mai Shari'a Emmanuel Agim kuma ya karanta, ya haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni, abin da ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen gudanar da zaɓe. Amma biyan kuɗi kai-tsaye ya yi ta jan ƙafa. Rahotanni a farkon 2025 sun nuna cewa Babban Bankin Najeriya ya nemi ƙananan hukumomi su gabatar da rahoton binciken kuɗi na shekara biyu kafin a buɗe musu asusu, sharaɗin da ya tona asirin yadda lissafi yake a wurare da yawa. Jihar Anambra kuwa tun a Oktoban 2024 ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke da hannu a kai. A irin wannan yanayi, kai wa sakatariya intanet tamkar gina rumbu ne alhali ba a gama shari'ar gonar ba.

Duk da haka akwai abin da ƙaramar hukuma za ta iya gyarawa ko da kasonta bai iso ba, wato kuɗin shigar da take tarawa da kanta. Dokar haraji ta 1998 ta ware mata kuɗin rumfa da shago, da na tasha, da na mayanka, da na gidaje, da na rajistar aure da sauransu. Duk wanda ya san irin dukiyar da ke juyawa a kasuwar hatsi ta Dawanau, ko karar shanu ta Maigatari da ta Potiskum, ko Bodija a Ibadan da babbar kasuwar Onitsha, ya san cewa ba kuɗi ne babu ba. Matsalar ita ce rasit na takarda ana iya buga shi a kowace maɗaba'a. Mai karɓar kuɗi na iya riƙe littafi biyu, ɗaya na hukuma ɗaya na aljihu, ko kuma a sayar wa wani ɗan siyasa kwangilar tara kuɗin kasuwa a kan adadi ƙalilan, shi kuma ya saki yaransa su tatsi jama'a. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kano zuwa Legas na biyan kuɗi a shingaye da yawa, da sunan ƙananan hukumomin da ya ratsa, kuma wannan kuɗi a kan farashin kwando yake ƙarewa.

Jihar Kaduna ta gwada maganin wannan. Bayan ta rungumi asusun bai-ɗaya a 2015, ta yi dokar haraji a 2016 wadda ta hana karɓar tsabar kuɗi da sunan gwamnati, ta tattara ikon karɓa a hannun hukumar KADIRS, ta kuma kafa KADGIS don mayar da bayanan filaye cikin na'ura, kamar yadda aka yi wa Abuja da AGIS tun da farko. Kuɗin shigar jihar ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 40 a 2019. Nasara ce da ba a musunta ta. Amma akwai wani darasi a ciki da ba a cika ambata ba: dokar ta haɗa har da kuɗaɗen da a da ƙananan hukumomi ke karɓa, aka mayar da tattara su hannun jiha. Na'ura tana son tsakiya ɗaya, domin ya fi sauƙi a gina manhaja guda a babban birni fiye da a gina 23 ko 44. Idan ba a yi hattara ba, zamanantarwa za ta zama sabuwar ƙofar da jihohi za su bi su riƙe abin da Kotun Ƙoli ta ce su saki. Hanyar da ta fi dacewa ita ce manhajar ta zama ɗaya, amma kuɗin kowace kasuwa ya faɗa asusun ƙaramar hukumarta nan take, ciyaman da kansiloli da sarkin kasuwa kuma su iya ganin abin da ya shiga a kowace rana.

Haka batun yake a albashi. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018, ya riƙa bai wa jihohi tallafi idan suka wallafa kasafin kuɗi da rahoton binciken kuɗi a kan lokaci, suka kuma haɗa albashin ma'aikata da BVN da hoton yatsa. Jihohi sun yi, saboda akwai lada a kai. Ma'aikatan bogi kuwa sun fi samun mafaka a jadawalin ƙananan hukumomi da na hukumomin ilimin firamare, inda suna ke iya ci gaba da karɓar albashi shekaru bayan mai shi ya rasu. Tantancewa na kama irin waɗannan, amma tana kama na ƙwarai ma. Malamin da aka rubuta sunansa Muhammad a banki, Mohammed a takardar ɗaukar aiki, Mamman a katin NIN, na iya shafe watanni ba albashi kafin a gyara, kuma sau da yawa babu ofishin da zai kai kuka a kusa da shi.

Tushen wannan ruɗani na sunaye da shekaru yana komawa ne ga ranar haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, binciken MICS na 2021 kuma ya kai adadin kashi 57. A Arewa maso Yamma, binciken na 2018 ya gano cewa ƙasa da kashi 20 cikin 100 na haihuwa ake yi a asibiti. A Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajistar haihuwa da mutuwa ta na'ura na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wanda ake son ya haɗu da NIN tun daga jariri. Sai dai kundin tsarin mulki ya bai wa Hukumar Ƙidaya wannan aiki a Jadawali na Uku, ya kuma bai wa ƙananan hukumomi shi a Jadawali na Huɗu, don haka a wasu wurare takarda iri biyu ke yawo, iyaye ba su san wadda za ta yi musu amfani ba sai ranar da yaro zai yi jarrabawa. Jami'in da ke zaune a sakatariya da kwamfutar hannu ba zai san an haihu a rugar da ke nesa da titi ba. Waɗanda suka sani su ne ungozoma, da wanzami, da limamin da ya raɗa suna, da mai unguwa, da ma'aikatan rigakafi masu bi gida-gida. Duk tsarin da bai sa waɗannan a ciki ba zai cika da 'ya'yan birni ne kawai.

Sannan ga maganar hanya da wuta. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai kashi 70 cikin 100, amma alƙaluman hukumar NCC sun nuna ba a kai rabi ba a ƙarshen 2024. A Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, a kan kimanin kilomita 35,000 da ake da su. Aiki ne na shekaru, kuma yana buƙatar jihohi su sassauta kuɗin izinin haƙa, wanda aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020, amma ba kowace jiha ce ta bi ba. Kafin wayar ta iso, tauraron ɗan'adam ne zai cike giɓi, shi kuma yana buƙatar kuɗin wata-wata da wutar da ba ta yankewa. Tarihin ayyukan gwamnati a ƙasar nan cike yake da ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan shekara guda ƙura ta rufe su saboda ba wanda ya sa kuɗin man janareta ko na sabunta data a kasafi. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Sakatariyar da ba ta da sola a irin wannan lokaci, rufe ta za a yi.

Akwai kuma abin da ya faru a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, daga bisani a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, domin yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi mutane na tafiya wata jiha don su kira 'yan uwa ko su tura kuɗi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sake nuna irin haka, lokacin da manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin da aka jibga musu, mai sayar da akuya a ƙauye ya rasa yadda zai karɓi kuɗinsa. A Mayun 2025 ma hukumar JAMB, wadda ta fi kowa gogewa a wannan fanni, ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. An gano wannan kuskure ne saboda iyaye masu murya sun yi ca. Idan irinsa ya faru a jerin sunayen masu karɓar taki ko tallafi a wata ƙaramar hukuma ta karkara, da wuya labarin ya wuce bakin kasuwa. Shi ya sa kowane tsari ke buƙatar ƙofar baya ta halal: teburin da mutum zai je ya yi magana da mutum, da takardar da za ta tsaya masa ranar da sabis ya ɗauke.

Harshe ma shinge ne. Kusan dukkan shafukan gwamnati da Turanci suke, kuma an gina su ne don mai babbar waya. Wanda ba ya karanta boko, ko mai ƙaramar waya, dole ya bi ta shagon intanet ko wurin mai POS, ya biya ladan cike fom, ya kuma miƙa lambarsa ta NIN da ta BVN ga wanda bai sani ba. Ɗan kamashon da ake son kora daga ƙofar sakatariya sai ya dawo ta taga da kwamfuta a hannu. Ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a Janairun 2025 ya ƙara wa wannan nauyi. Lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, irin waɗanda bankuna ke amfani da su, da saƙon murya cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri da Tibi, sun fi kusa da yawancin jama'a fiye da kowace manhaja mai ado.

Tsaron bayanan shi ma bai samu kulawar da ta kamata ba. An sa hannu a Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, aka kafa hukumar NDPC, amma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100 kacal. Idan haka ta faru da rumbun tarayya, to rumbuna 774 da ke hannun 'yan kwangila daban-daban abin tsoro ne. A yankunan da ake satar mutane don kuɗin fansa, jerin sunayen masu shaguna da masu shanu, da lambobin wayarsu da abin da suke biya, ba ƙaramin makami ba ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Ya kamata kowace yarjejeniya da ɗan kwangila ta fayyace cewa bayanan na hukuma ne, domin an sha ganin sabuwar gwamnati ta zo ta tarar kamfanin da ya gina tsarin ya tafi da makullinsa saboda bashi.

Abin da ya fi sauƙi a duk wannan tafiya shi ne wanda aka fi gudu. Wallafa abin da ƙaramar hukuma ta samu a wata, da abin da ta kashe, da sunayen ayyuka da 'yan kwangilarsu, ba ya buƙatar wayar ƙarƙashin ƙasa. Shafi ɗaya ya isa, a kuma liƙa kwafinsa a allon sakatariya, a karanta a gidan rediyon jiha. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta shafi dukkan matakan gwamnati, ba tarayya kaɗai ba, wanda hakan ya bai wa ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan jarida damar neman waɗannan takardu a hukumance. Sai dai sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya bar tsari da kuɗin ƙananan hukumomi a ƙarƙashin dokokin da majalisun jihohi ke yi, babban mai binciken kuɗinsu ma jiha ce ke naɗa shi. Majalisun ne za su iya wajabta wallafa lissafin wata-wata, da hana karɓar tsabar kuɗi a kasuwa da tasha, da ware kaso na dindindin don wuta da data da horar da ma'aikata. Su ne kuma ake buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku nasu, wato majalisu 24 cikin 36, kafin a iya cire asusun haɗin gwiwa daga sashe na 162.